Balon da muke kallo kyauta a da, yanzu sai mai abonema

Baban Nana:
Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun daren jiya na kasa barci sai na ce bari in kawo ta nan. Abonema na dekodar ɗina ya ƙare ranar 28, albashi bai shigo ba, ni kuma na manta akwai babban mash. Ƙanen Nana, shekarunsa 11, tun la'asar ya wanke mayo ɗinsa ya shanya ya sa, ya gyara tabarma gaban tele, da lokaci ya yi ya kunna sai baƙin allo da rubutu wai a sabunta. Bai ce mini komi ba ya fita. Bayan isha'i ban gan shi ba na bi sawu, na tarar da shi bayan gidan kallo na unguwarmu shi da wasu yara huɗu sun jera ido a wata ƴar ɓula ta jikin kwano, wannan ya leƙa ya ba wannan wuri, in an yi ihu a ciki sai su tambayi mai leƙen wa ya ci. Wallahi na daɗe tsaye ban iya kiran sunansa ba. Mu da muka tashi a Bilbis tele ɗaya ce a layinmu, baƙi da fari, a fito da ita tsakar gida a aza kan tebur kowa ya zo, ba a taɓa tambayar yaro ko dala ba. To yaushe ne balo ya koma na mai kuɗi, kuma wa ya yanke wannan hukuncin?

Ɗan Abijan:
Wa alaikumus salam yaya. Allah ya shirya mana yaron, abin da taɓa zuciya. Amma tsakani da Allah a wancan lokacin mash nawa kuke gani? In an yi CAN, kofin ƙasashen Afirka, ko kofin duniya, sai finale ɗin wani kofi jefi jefi. Yau Asabar ɗaya kana iya ganin Ingila da Spain da Italiya da Faransa tun azahar har sha ɗayan dare. Abu ya ƙaru dole kuɗi su shigo

Mushen tarihi:
Baban Nana tambayarka tana da amsa, har da shekara. A Ingila aka yi babban juyin. Kafin 1992 shampiyonarsu a tashoshin da kowa ke kamawa da anten ake nuna ta, BBC da ITV. A 1988 ITV ta saye ta shekara huɗu a kan fam miliyan 44. Wannan mash ɗin da tsofaffin magoya bayan Arsenal ba su gajiya da labarinsa, na 26 ga Mayu 1989, da suka je Anfield suka ci Liverpool 2 da 0 Michael Thomas ya zura ta ƙarshe ana shirin tashi suka ɗauki kofi, a ITV aka nuna shi, mai shara da mai banki duk a gida suka kalla ba abonema. Shekara uku bayan haka manyan ekip suka ɓalle suka kafa Premier League don su riƙa sayar da hoton wasansu da kansu, sai Sky, tashar abonema ta Rupert Murdoch, ta shigo, yarjejeniyar ta kai fam miliyan 304 na shekara biyar. Mash na farko da Sky ta nuna kai tsaye Nottingham Forest da Liverpool ne a watan Agusta 1992. BBC aka bar mata gutsattsarin wasa na daren Asabar kawai. Daga ranar duk Bature mai son ganin ekip ɗinsa kai tsaye sai ya kafa faranti a kan rufi ya riƙa biya duk wata. Kuma Sky ba don son balo ta yi ba, lokacin asara take tafkawa, tana neman abin da zai tilasta ma mutane su sayi dekodar, ta duba ta ga fim mutum zai iya haƙuri ya gani baɗi amma mash ba ya jira.

A Faransa ma tun kafin nan ne, Canal+ ta buɗe a Nuwamba 1984 kuma a cikin watan nan ta fara nuna shampiyonarsu ga masu biya. Mu nan abin da aka dafa can ne aka zubo mana.

Ɗan Abijan:
Yawwa mushe, to ka ƙarasa mana. Nawa ake sayar da ita yanzu?

Mushen tarihi:
Wadda aka ƙulla a ƙarshen 2023, ta shekara huɗu daga 2025, fam biliyan 6.7, kuma wannan na cikin Ingila ne kaɗai ban da abin da sauran duniya ke biya, har da mu.

Ɗan Abijan:
To kun gani. Da irin wannan kuɗin na tele ne aka gyara filayensu, da shi aka kawo Drogba Chelsea a 2004 aka kawo Yaya Toure Manchester City a 2010. Ni ina zaune cikin mutanen da suka ga amfanin abin da idonsu, yaro ya tashi a Yopugon ko Abobo yana buga balo ba takalmi yau ya gina ma uwarsa gida ya gina asibiti a ƙauyensu. In da a tele ta kyauta aka tsaya wa zai biya shi wannan albashin? Kuma maganar kyauta ma ku duba takardar kuran ɗinku da kyau akwai ɗan harajin rediyo da tele a ciki, dama can ba kyauta ba ce, biya muke ba mu lura ba

Baban Nana:
Ƙanena ban musa ba, amma wancan harajin ɗan kaɗan ne kuma na kowa da kowa ne, da shi ake yi mana labarai da kokowa da wa'azi. Wannan kuwa jikka goma nake cirewa duk wata, wata ran in ana son wani mash ɗin a ce ba ya cikin naka sai ka hau na sama. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne. Ka ce ma mai gadi ko mai turin kura ya cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake samu don ɗansa ya ga balo? Buhun hatsi fa yana jiransa

Mai gidan kallo:
Salam. Na ga maganar tun safe ina ta juya ta don ni ma abin ya shafe ni, ko da yake ba gidana ba ne yaron ya je, nawa yana can wajen Wadata. Ina roƙonku kada ku ɗauke mu marasa imani. Ni abonema biyu nake biya saboda ba duka wasanni ke waje ɗaya ba, ga hayar fili, ga benci da ke karyewa duk sati, in kuran ya ɗauke a tsakiyar wasa dole in tada gurup nan take in ba haka ba mutane su ce a maido masu kuɗinsu, lita biyu ta tafi kafin a tashi. Dala ashirin nake amsa, babban mash dala arba'in. Shekarun baya ranar Real da Barça mutum sama da ɗari ke shiga har a tsaye, yanzu rabi suna fada da salula sun sa forfe suna kallo ta hanyar sata, hoto na tsayawa suna zagi amma dai ba su zo wurina ba. In na bar yara biyar sun shiga gobe talatin za su zo kuma manya su ce surutu ya yi yawa. Wallahi ina ganinsu suna leƙe, wani lokaci in an dawo daga hutun rabin lokaci nakan ɗaga labule in ce ku shigo ku zauna ƙasa. Abin da zan iya ke nan

Maman ƴan biyu:
Alhaji Allah ya saka da alheri. Amma ku duka maganar yara maza kuke yi. Ni Hassanata ta fi Hussaini son balo nesa ba kusa ba, ta san sunan ƴan wasa ta san wa aka saya wa aka sayar, a lakwal ita ke buga gaba. Shi in ya samu dala ashirin ya tafi gidan kallo, ita ina za ta? Ba zan bar ɗiya mace ta shiga cikin garada da hayaƙin taba ƙarfe tara na dare ba, kuma ko na bari unguwa ba za ta bar ni ba. Lokacin da abu ke zuwa a tele ta gida ni da uwata da kishiyarta duk muna kallo muna tsinke zogale. Yanzu an fitar da balo daga cikin gida an kai shi inda mace ba ta zuwa. Kuma shi namijin ma hankalina ba ya kwanciya, wasan Turai na dare sai kusan sha ɗaya ake tashi gobe akwai lakwal, ga masu caca da ke zama a bakin ƙofa da takardunsu suna koya ma yara lissafin banza

Ɗalibi a Yamai:
Gaskiya inna wannan ban taɓa tunaninsa ba sai yau

Tsohon gola:
Ɗiyana ku yi haƙuri in sa baki, ni ban iya rubutu da sauri ba jikana ka taimaka mini. Ni na tsare raga shekara goma sha a garin ga, mun tahi Ƙonni mun tahi Madawa mun tahi Buza a bayan mota ba a ba mu komi sai kuɗin abinci. Abin da ya hi cin raina ba na Turawa ba ne. Turawa balonsu ne su saida shi yadda sunka ga dama. Namu fa? Ku tambayi yaron ga da ke leƙe a ɓula ya lissaho muku ƴan wasan Chelsea zai kawo sha ɗaya da na benci, ku ce ya kawo mutum ukku na AS FAN ko Sahel ko Douanes ku ji shiru. Ba laihinsa ba ne, bai taɓa ganinsu ba. Kuna gardamar a bar shi kyauta ko a saida, namu ba ya nan ba ya can.

Ku tuna 2010 da Mena, ekip ɗin ƙasarmu Nijar, ta ci Masar 1 da 0 a filin Seyni Kountché, Maazou ya ci, Masar ɗin da ta ɗauki CAN sau ukku a jere. Ran nan Tawa ba wanda ya zamna gida, masu kabu kabu sunka cika titi da oda, tsohuwa da ba ta san ofsaid ba tana guɗa. Da munka tahi CAN 2012 a Gabon da 2013 a Afirka ta Kudu yara nawa sunka shiga balo saboda sun ga Bahaushe da Bazabarme da mayon ƙasa a tele? Na san su, wasu ni na koya musu kamun ƙwallo. In da sai mai dekodar ya gani da rabinsu ba su gani ba.

Kuma ku dubi kokowa. Tun 1975 anka fara kokowar takobi ta ƙasa, kuma a nan Tawa anka fara. Duk shekara Télé Sahel da rediyon ƙasa na kawo ta kai tsaye, mai shago ya aza tele bakin hanya, makiyayi na daji da rediyo a kunne. Shi ya sa yaro a Abalak ya san Issaka Issaka na Dosso kamar maƙwabcinsa. Ku ɗauke kokowa ku sa ta a dekodar shekara goma ku gani in za a samu masu shiga hili

Ɗan Abijan:
Baba Allah ya ƙara girma, ba na ja da kai. Amma kai da bakinka ka ce kuɗin abinci kawai ake ba ku. Ba shi ne ciwon ba? Nan inda nake Canal+ tana nuna wasu wasannin shampiyonar ƙasar, ka ga ASEC a tele da kyamara mai kyau kamar na Turai, ekip na samun wani abu, masu neman ƴan wasa daga waje suna gani. In gobe wani kamfani ya zo ya ce ma FENIFOOT, hukumar balo ta Nijar, ga kuɗi ku ba ni shampiyonarku Super Ligue ni kaɗai in nuna, ni wallahi zan ce a ba shi. Gara a gan su da kuɗi da a ce ba a ganinsu sam

Ɗalibi a Yamai:
Ni ina zuwa fili in ba ni da darasi. Wata Lahadi na je mash na shampiyona a babban filin nan mai ɗaukar mutum dubu 35, da za ka ƙirga mu da ka gama kafin a busa, kana jin muryar koci daga ɗaya ɓangaren. A ranar kuma duk fadar da na wuce a hanya cike take ana kallon Ingila. To ni ina ganin ɗan Abijan yana da gaskiya ta wani wajen, Afirka ta Kudu ta yi haka a 2007, shampiyonarsu ta bar tashar gwamnati SABC ta koma SuperSport a kan rand biliyan 1.6 na shekara biyar, an yi rigima sosai har ƴan siyasa suka shiga, daga baya aka daidaita aka bar wasu wasanni a tashar kyauta. Yau ku dubi Mamelodi Sundowns, sun ɗauki kofin zakarun Afirka a 2016, ƴan wasansu ba su rububin gudu waje kamar namu

Mushen tarihi:
Ɗalibi ka kawo misali mai kyau amma ka riƙe wannan gaɓar da ka faɗa da sauri, an bar wasu wasanni a tashar kyauta. Nan ne maganar take. Su kansu Turawan da suka fara abin sun sa masa linzami. A Ingila akwai jerin wasannin da doka ta ce dole su kasance inda kowa zai gani, kofin duniya da kofin Turai na ƙasashe da finale na kofin FA. Faransa ma tana da irin wannan dokar tun 2004. Kuma a Ingila har gobe ba a nuna mash kai tsaye ranar Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don kada mutane su zauna gida ƙananan ekip su rasa ƴan kallo. Ka ga sun san abin da tele ke yi ma fili.

Sannan kuɗin dekodar ba ruwan rijiya ba ne da kullum in ka zura guga za ka samu. Faransa ta ɗanɗana. A 2018 wani kamfanin Spain, Mediapro, ya yi alkawarin sama da yuro miliyan 800 duk shekara, ekip suka yi murna suka ƙara albashi suka ci bashi a kan kuɗin da bai shigo ba. Aka fara a Agusta 2020, zuwa Oktoba kamfanin ya daina biya, Disamba aka raba gari. Mutane ba su yi abonema yadda aka zata ba, yuro 25 a wata ya yi masu yawa. Amazon ta karɓa da araha, DAZN ta zo a 2024 ita ma shekara ɗaya ta yi, a 2025 sai da shampiyonar ta buɗe tasharta da kanta tana sayarwa wajen yuro 15, kusan jikka goma namu ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai wajen yuro 1,400. Ku auna da namu. In Faransa mai PSG ta yi tuntuɓe haka, mu da ko a kyauta ba a saba ganin namu ba wa zai cire kuɗi ya saya?

Ɗan Abijan:
To mushe me kake so a yi, a zauna haka?

Mushen tarihi:
A'a. Ni a ganina sai an fara sa mutane su so abu kafin a sa masa kuɗi. Mash ɗaya duk Lahadi da la'asar a tele ta ƙasa, lokaci ɗaya da ba ya canzawa, da sharhi a Hausa da Zabarmanci yadda ake yi ma kokowa, kamfanonin salula da na siminti su sa talla su biya kuɗin kyamara. In an yi shekaru yara sun san ƴan wasa, to a sayar da sauran ga mai so, amma wannan na Lahadin a rubuta a takarda ba mai taɓa shi, shi da duk wasan Mena

Mai gidan kallo:
In an yi haka ni ma zan sa shi a babban allo kuma ba zan amshi ko dala ba ranar, shayi da ruwan sanyi kawai zan sayar. Amma fa ku sani in ya haɗu da lokacin Arsenal ko Barça mutanena za su ce in canza, wannan gaskiya ce

Tsohon gola:
Su ce. Ka sa musu namu a ƙaramar tele a gehe, wata rana ɗan unguwarsu zai hito a ciki su da kansu za su ce a maida shi babba

Baban Nana:
Na gode ƴan uwa, na ƙaru ƙwarai, musamman mushe da baba. Ɗan Abijan har yanzu ban yarda da kai duka ba, don Drogba ɗaya ne yaran da ke bayan kwano kuwa ba su ƙirguwa, amma na fahimci inda ka dosa. Albashi ya shigo ɗazu, na tura an sabunta. Na yi magana da maman Nana mun shirya daga yanzu duk Asabar da Lahadi zan fito da tele tsakar gida kamar yadda aka yi mana, duk yaron layinmu da ke so ya zo, wasan rana kawai ban da na dare

Maman ƴan biyu:
Har mata?

Baban Nana:
Har mata hajiya, ai Nana na nan, za a shimfiɗa masu tabarmarsu gefen uwarta. Ki turo Hassana

Maman ƴan biyu:
Madalla, Allah ya biya ka. Zan haɗo su da gyaɗa. In wata ya zo da matsi ka faɗa, mu iyayen layin mu haɗa ɗari biyar biyar, bai kamata ya zama kai kaɗai ba

Tsohon gola:
Baban Nana ranar Lahadi da sahe ƙarhe bakwai muna hilin bayan lakwal da yara, ka kawo mini ƙanen Nana in ga ƙahwarsa. Yana da takalmi ko in nemo mishi cikin na jikokina?

Baban Nana:
Yana da na roba baba, sun ɗan matse shi amma za su yi. Lamba 36 yake sawa in an samu